Shayarwa Ta Biyar

Duk unguwar Ruwais an san ni da zafin rai, kuma ban taɓa musu ba. Sunana Mastura. A nan Jidda aka haife ni, cikin ɗakin katako da kwano wanda kakana ya kafa bayan ya tako ƙasa daga Haɗeja, ya yi aikin hajji, ya kasa komawa. Zafin nan nawa shi ya raba ni da Abdulghaffar tun ina budurwa, shi ne kuma ya ja ni na aikata abin da zan faɗa.

Abdulghaffar ɗan maƙwabtanmu ne. A lokacin ruwa yake sayarwa, garwa biyu rataye a sanda bisa kafaɗa, kamar yawancin samarinmu. Gidanmu yake fara kai wa, kuma ba ya tafiya sai ya ji muryata ta bayan ƙofa, ko da tsiwa ce. Da ya ce yana so na, mahaifiyarsa Hajiya Bashira ta faɗa a gaban mata cewa ita ba za ta ɗauko garwashi ta ajiye cikin gidan katako ba. Kafin la'asar maganar ta iso ni. Washegari da ya sauke garwa a ƙofarmu na ce masa ya je uwarsa ta nemo masa mai sanyi irin ruwan da yake talla. Ya yi shiru ya tafi, yana zaton zan huce. Ni kuma ina jiran ya dawo ya lallashe ni. Muna cikin jiran juna Salihu kafinta ya aiko neman aurena, na ce na yarda, don dai labari ya kai kunnen Hajiya Bashira. Ba wanda ya tilasta ni. Da bakina na amsa, har da ɗaga murya.

Salihu mutumin kirki ne, ko ƙusa ba ya bugawa da fushi. Abdulghaffar kuwa aka aura masa Khadijatu, 'yar Hausawan Sudan, mai sanyin da aka nema. Abin haushin shi ne ba a iya ƙin Khadijatu. Na yi ƙoƙari wata shida na gaji, muka zama aminai, katangar katako ɗaya tsakanin gidajenmu.

A shekarar 1951 na haifi Zakiya. Bayan wata biyu Khadijatu ta haifi Husaini, zazzaɓi ya kwantar da ita, nono ya ƙafe, aka kai ta asibiti cikin gari.

A Ruwais shayar da ɗan wata mata ba baƙon abu ba ne, amma ba a yin sa a ɓoye. Sai a kira tsofaffin unguwa, a dafa gahawa, a kawo dabino, a faɗa a fili cewa wance ta shayar da wane. Dalilin kowa ya sani: yaron ya zama ɗanki, 'ya'yanki sun zama 'yan'uwansa, ba aure tsakaninsu har abada, kuma dole a sami masu tunawa ran da suka girma. Ni a lokacin nono har zuba yake yana jiƙa mini riga. Na aika cewa a kawo mini yaron. Hajiya Bashira ta aiko da amsa, ita ma a gaban mata.

"Nono hali ne," in ji ta. "Na hana ta shigo mini ta ƙofa, sai ta shigo mini ta cikin jika?"

Aka samo akuya, ana ɗura wa jinjirin madara da cokali. Sai dai kullum da safe dole tsohuwar ta kai wa Khadijatu abinci asibiti, kuma ba wanda za ta bar wa yaro sai ni. Takan miƙo shi tana cewa, "Riƙo kawai, ya binti. Riƙo." Ni kuma in ce to.

Zan iya cewa tausayi ne, don yaron kuka yake kamar zai shiɗe, madarar akuya ba ta zama a cikinsa. Tausayin yana nan, amma ba shi ya ɗaga mini riga ba. Yaron ya ɗauko kunnuwan ubansa da ɗan ramin haɓarsa. Na dube shi na ji duk abin da na binne ya taso. An hana ni uban, an hana ni gidan, na ce wallahi sai na sami rabona a cikin wannan. Ya kama, ya sha, ya saki da kansa, ya yi barci. Haka muka yi safiya huɗu, sau ɗaya kowace safiya, madarar akuyar kuwa kyanwa ke shanye ta. Akwai kuma wata rana ta biyar, ranar da aka yi ruwan sama, amma ita ban taɓa sa ta cikin ƙidaya ba. Zan zo kanta.

Khadijatu ta warke ta dawo, nononta ya kawo, magana ta mutu. Ban gaya wa Salihu ba, ban gaya wa kowa ba.

Husaini ya tashi da zuciya kamar wutar kara. Yana shekara bakwai ya fasa wa ɗan masunci kai saboda an taɓa masa tantabara. Ubansa salihi, uwarsa saliha, kowa na tambayar ina ya samo wannan hali. Hajiya Bashira har ta koma ga Allah tana ɗora wa akuyar laifi, wai dama mafaɗaciya ce. Ni in na ji sai in yi dariya tare da mata. Duk ran da na ji muryarsa ta bayan katanga yana balbala faɗa, nakan ji daɗi da tsoro a haɗe, don na san muryar wa nake ji.

Kada a ce ban ga abin da ke tahowa ba. Na gani tun Zakiya na shekara goma sha biyar, lokacin da ta fara tsawaita shanyar kaya a gefen katangar nan. Na hana ta shanya a wurin. Na kushe Husaini har bakina ya gaji. Duk wanda ya nuna yana son ta na yabe shi, ko da hancinsa ya karkace. Mata suka ce tsohon haushi ne, Mastura ba ta yafe wa gidan Bashira ba. Zakiya ma haka ta ɗauka.

"Ya Ummi, tsohuwar nan ta rasu," ta ce da ni wata rana. "Halas, ya wuce mana. Ni me na yi?"

In na ƙi, a ce ƙiyayya. In na faɗi dalili, a tambaye ni me ya sa na ɓoye, kuma amsar wannan ba ta faɗuwa a gidan mijina. Gaba kura, baya sayaki. Na ci gaba da jan ƙafa shekara shida, ina fatan wani abu ya faru, ko ya tafi aiki gabas kamar sauran samari, ko ta gaji. Ba wanda ya tafi, ba wadda ta gaji. A farkon 1972 Abdulghaffar ya shigo da manya, Salihu wanda bai taɓa yanke magana ba tare da ni ba ya yanke wannan, aka karanta Fatiha. Aka sa ranar milka, wato ɗaurin aure, kwana goma sha biyu.

Daga ranar Salihu ya shiga haɗa wa 'yarsa akwatin aure. Katakon da ya ɓoye tun tana rarrafe ya fito da shi, mai ƙamshi, irin na jiragen ruwa. Daga safe zuwa azahar ba abin da ake ji a tsakar gida sai gogar katako. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ni tawa kunyar ba ta rashin kayan ɗaki ba ce.

Da ya rage kwana tara na je wurin Malam Bawa, limamin masallacinmu, na tsaya bayan labule na ce wata baiwar Allah ce ta aiko ni da tambaya. Mace ta shayar da yaro sau kaɗan, a ɓoye, shin ya haramta ga 'yarta?

"Sau kaɗan?" in ji shi. "Hajiya, mu abin da kakanninmu suka taho da shi daga gida Malikiyya ne. Ko ɗigo ɗaya ya wuce maƙogwaro, ya zama ɗanta. Ki gaya wa baiwar Allahn nan ta ji tsoron Allah ta yi magana."

Na fito ina zaginsa a raina, tsoho da ko Jidda bai gama sani ba. Washegari na lulluɓe har fuska, na hau motar haya zuwa Bab Makka, can cikin gari, inda ba wanda zai gane muryata. Na sami wani shehi Balarabe a gefen masallaci bayan azahar, na yi masa tambayar da Larabci tsantsa don kada ya san daga ina nake. Ya ce shayarwar da ke haramtawa biyar ce. Kowacce kuma sai yaro ya kama, ya sha, ya saki don kansa ba tare da an cire shi ba. In huɗu ce, ba komai. Ya ce alƙalan ƙasar nan da haka suke hukunci.

Huɗu! Na fito kamar an sauke mini buhun gishiri daga ka. Na ce ai ni haifaffiyar Jidda ce, Haɗeja a baki kawai na san ta, hukuncin Jidda ne a kaina. Na shiga layin masu yadi na saya wa Zakiya siliki ruwan hoda, ban ko yi ciniki ba, har mai shagon ya dube ni ya sake duba. Na tsaya na ci balila, dafaffen wake irin na Larabawa, da yaji a bakin hanya kamar yarinya.

Murnar ta kai ni gida, ta kwana ɗaya, ta tafi. Zakiya ta yafa silikin tana juyi a tsakar gida tana tambayar ubanta ko ya yi mata kyau, shi kuma yana murmushi yana hura garin katako daga kan akwatin. Ni ina zaune ina tsince shinkafa, ranar ruwan saman nan ta zo ta zauna kusa da ni.

Ga yadda ta kasance. A rana ta biyar ɗin aka yi ruwa irin na Jidda, wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara ya mai da hanyoyi kogi. Hajiya Bashira ta maƙale cikin gari, Salihu yana bakin teku wurin gyaran jirgi. Da safe na daure ban ba yaron ba, na ce ya isa haka. Zuwa la'asar kuka ya ci ƙarfinsa, nima ya ci nawa. Na sa shi a ƙirji. Ina cikin haka iska ta tura ƙofa, na ɗaga kai, ga Abdulghaffar tsaye a bakin ɗaki, ya zo ɗaukar ɗansa, ruwa na zuba a kansa. Muka haɗa ido. Iyakar abin da na yarda na tuna ke nan. Shekara ashirin da ɗaya ina gaya wa kaina cewa da na gan shi na fizge yaron, bai ƙoshi ba, bai saki da kansa ba. Shi Abdulghaffar bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma haka. Yanzu ga shehin Bab Makka ya ɗora auren 'yata gaba ɗaya a kan wannan fizgar.

Abinci ya daina shiga. Na ƙona miya sau biyu, na yi faɗa da maƙwabciya a kan kaza. In na yi salla sai in rasa raka'a nawa na yi. Mutum ɗaya ne a duniya ya ga abin da ya faru, kuma shi ne mutumin da ban yi wa magana fiye da gaisuwa ba tun ina budurwa.

Saura kwana biyar ya zo da kansa. Yanzu ya bar garwa, motar ruwa yake tuƙawa, kuma ya ce shi zai cika mana duro-duron biki. Da hantsi ne. Salihu ya tafi neman makullin tagulla na akwati, Zakiya na gidan ƙawarta. Na ji ya jawo tiyo ya zura cikin duro na farko a bakin ƙofa. Na zo na tsaya ta ciki, ƙofar a tsakaninmu, kamar da.

"Abu Husaini," na ce.

"Na'am, Ummu Zakiya."

"Ranar ruwan sama. Ka tuna?"

Ya gyara tiyon, ruwa na ƙara cikin duro. Sannan ya ce, "Kada ki damu da wannan. Tun a shekarar na je na tambaya. Sau ɗaya ba ya haramta komai a hukuncin nan. Da ban tabbata ba, da ban kawo manya ba."

Ashe shi ma ya yi tasa tafiyar zuwa wurin shehi. Ashe kowannenmu na riƙe da rabin abu yana zaton shi ne duka.

"Ba wannan na tambaye ka ba," na ce. "Da na gan ka, na cire shi?"

"Me ya kawo wannan yanzu?"

"Ka amsa mini. Na cire shi ko ban cire ba?"

"Ba ki cire shi ba." Muryarsa ta yi ƙasa har sai da na kara kunne jikin katako. "Kin ja mayafi kin rufe shi, amma ba ki cire shi ba. Ni kuma ban tafi ba. Ya kamata in juya, ban juya ba. Na tsaya cikin ruwan nan ina kallonki da ɗana a hannunki, Zakiya na barci a gefe, ina cewa a raina haka gidana ya so ya zama. Har ya saki da kansa ya yi barci. Kika miƙo mini shi, hannunki ya taɓa nawa. Wallahi ban manta ko ɗaya ba."

Nima ban manta ba. Da ya faɗa sai na ga komai a fili, har ɗigon madarar da ke gefen bakin yaron. Ban cire shi ba don ba na so Abdulghaffar ya tafi. Na ajiye ranar nan daban ne saboda a wurina ba ranar shayarwa ba ce, ita ce rana ɗaya tak da na zama matarsa, ko da na tsawon shan jinjiri ne.

"Mastura," ya ce. Rabon da in ji sunana a bakinsa tun kafin aurena. "Sau ɗaya ne, ko?"

"Huɗu kafin wannan."

Duro ya cika ya fara ambaliya, ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa mini ƙafa. Bai motsa ya kashe ba.

"Ban ji ba," ya ce can. "Ƙarar ruwa ta hana ni ji. Yaran nan ba su da laifi, ya Mastura. Ki yi shiru, in yi shiru. Allah Gafurun Rahim ne."

Na rantse da Allah na so in karɓa. Wani sirri ne kuma tsakanina da shi, sabo, wanda za mu riƙe har kabari. Wannan daɗin da na ji shi ne ya tsorata ni. Na ga kaina a wurin suna, ana miƙo mini jika, ina murmushi, shi yana waje yana karɓar barka, mu biyu mun san abin da muka sani. Sai zafin nan nawa ya taso, kuma a karon farko ya yi mini amfani.

"Shirunka ne ya kashe mu tun farko," na ce. "Na gaya maka baƙar magana ka yi shiru. Ka gan ni da ɗanka ka yi shiru. Yanzu kuma in aurar da 'yata ga ɗan'uwanta don kai ka saba da shiru? Kashe ruwan nan, yalla, kana ɓata mana ƙofa."

Salihu na fara gaya wa, bayan azahar, yana durƙushe yana ɗaura makulli a jikin akwatin. Na faɗa masa duka biyar ɗin, ban rage ba. Ya saurara bai ɗago ba. Da na gama ya ajiye abin ɗaure ƙusa a hankali.

"Don tausayi kika yi?" ya ce.

Ƙofa ce ya buɗe mini, na gane. Da na ce e, da ya karɓa, da ya tsaya gabana ya kare ni a wurin kowa. Shekara ashirin da biyu mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na buɗe baki in ce e, ta ƙi fitowa.

"Ba don shi kaɗai ba," na ce.

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin abin da dama ya sani. Ya ɗauki abin aikinsa ya ci gaba da ɗaure makullin. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Har yau muna tare, yana gaishe ni da safe, yana yaba girkina, amma tun daga ranar bai sake tsokanata a kan zafin raina ba, alhali da kullum sai ya yi.

Zakiya ta dawo da la'asar tana waƙa. Na zaunar da ita. Da farko ta yi dariya, ta ce sabuwar dabara ce. Na ɗauko Alƙur'ani na ɗora hannu. Ta dubi hannuna, ta dubi ubanta, shi kuma ya sunkuyar da kai. Ba ta yi ihu ba. Ita halin Salihu ta ɗauko, duk da nonon da ta sha.

"Shekara shida, ya Ummi," ta ce. "Kina kallona ina shanya kaya. Da kin faɗa ina 'yar goma sha biyar, da na yi kuka wata ɗaya na manta." Ta cire silikin daga kafaɗa, ta ninke shi daidai, ta ajiye a cinyata, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Washegari na yi abin da ya kamata in yi tun 1951. Na dafa gahawa, na zuba dabino a faranti, na aika aka kira tsofaffin unguwa. Suka zo da fara'a, suna zaton maganar lalle ce. Khadijatu ma ta zo, idonta a kumbure, don mijinta ya riga ya gaya mata. Na tsaya a tsakiya na faɗa yadda ake faɗa: ku shaida, Mastura ta shayar da Husaini ɗan Abdulghaffar, shayarwa biyar. Ba wadda ta taɓa dabinon. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe an zalunci akuya," wata ta zungure ta. Khadijatu ce ta fita a ƙarshe. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba.

"Kin ciyar da ɗana ran da na kasa," ta ce. "Ban san in gode miki ko in kai ƙararki wurin Allah ba."

Ranar Alhamis, ranar da aka sa ta milka, Zakiya ta ce ita Makka za ta tafi, wurin yayar ubanta, kuma kada a tambaye ta ranar dawowa. Salihu ya ce ta tafi da akwatin, nata ne. Ta zuba tsofaffin kayanta a ciki, silikin kuwa ta bar shi a kan gadona. Motar haya ta tsaya a bakin lungu, akwatin ya fi ƙarfin Salihu shi kaɗai.

Sai aka turo ƙofa ba sallama. Husaini ne. Ya rame cikin kwana huɗu, idanunsa jajur, jijiyar wuyansa a tashe yadda tawa ke tashi. Na kai hannu zan ja mayafi.

"Bar shi," ya ce. "An ce yanzu ba sai kin rufe ba. An ce ba sai na ƙwanƙwasa ba. Gidanmu ne."

Na jira faɗan. Na san irin maganar da ke bakinsa, don ni ma da ita zan faɗa, kuma na cancance ta. Ya haɗiye. Zakiya ta fito daga ɗaki da abayarta, fuska a buɗe, suka tsaya suna duban juna a tsakar gida, babu labule babu katanga, abin da suka yi shekara shida suna jira. Ba wanda ya isa ya hana su yanzu. Ita ta fara kawar da kai.

Ya sunkuya ya kama akwatin shi kaɗai, ya ɗora a kafaɗa yadda ubansa ke ɗora sandar garwa. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Tun yana yaro Khala yake kirana, kamar yadda ake kiran kowace maƙwabciya. Na ga yana juya kalmar a bakinsa kamar magani mai ɗaci.

"Zan raka Zakiya... zan raka 'yar'uwata mota," ya ce. "A yi mana addu'a, ya Ummi."

Abin da na nema ke nan a waccan safiyar da na ɗaga riga: ɗan Abdulghaffar ya zama nawa, ya kira ni uwa a gaban kowa. Ga shi an ba ni, a gaban mijina, a ranar auren 'yata.

Na amsa. Na ce Allah ya kiyaye hanya.